Ɗakunan gwaji uku da naman tafin ƙafata ya bi

Idan aka yanki ɗan nama a jikinka aka ce za a kai ɗakin gwaji, ka tambaya wanne. Nawa ya bi ta uku, kuma sai da tafiya ta yi nisa na iya rarrabe su. Akwai inda ake duba naman a faɗi sunan cutar da zurfinta, akwai inda ake karanta DNA ɗin ƙarin don zaɓen magani, akwai kuma ɗakin masu bincike, wanda ba ya ba majinyaci sakamako ko ɗaya. Kowanne da takardarsa da irin jiransa. Cutar da aka same ni da ita melanoma ce, kansar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke yi wa fata launi, kuma a tafin ƙafa ta fito mini. Zan jero abin yadda ya auku, ko wani ya huta da ruɗanin da na sha.

Maiɗakina ce ta fara ganin tabon, can kusa da diddigen hagu, wurin da mutum ba ya gani sai ya naɗe ƙafa. Baƙi ne, bakinsa ba a daidaice ba, wani gefen ya fi wani duhu. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Likitan da na fara gani ya ɗauka jini ne ya taru a ƙarƙashin kantar ƙafa, ya ce a ba shi lokaci. Taruwar jini kan dushe cikin makonni, wannan kuwa faɗi ya yi ta ƙarawa. Da na koma sai ya rubuta mini takardar turawa wurin likitan fata, nan jiran farko ya soma, domin layin dogo ne. Abin da ya matso da ni gaba shi ne abin da ke rubuce a takardar: tabo yana girma, ana zargin melanoma. Ma'aikaciyar da ke raba ranaku ta karanta, ta soke ranar da ta fara ba ni ta sa wata mafi kusa. Saboda haka ka karanta takardar turawarka kafin ka fita daga ofis. In an rubuta "tabo a ƙafa" kawai, ka roƙi likita ya ƙara abin da yake zargi.

Likitar fata ta shafa ɗan mai a wurin, ta ɗora wani ƙaramin madubi mai fitila, ta daɗe tana leƙawa, sannan ta juyo mini da hoton a kwamfuta. Fatar tafi tana da kunya da kwari kamar gona, su ne suke yin zanen yatsa. A tawadar Allah ta yau da kullum launin yakan bi kwarin. A melanoma yakan hau kan kunyar, inda ƙofofin gumi suke buɗewa. Likitocin Japan ne suka fi aiki a kan wannan alama, don su ma melanomar tafi ce ta fi yawa a wurinsu. Nawa a kan kunya yake. Na ce, "Likita, wannan ba cutar Turawa masu shan rana ba ce?" Ta ce, "Malam, wadda rana ke jawowa ita ce ta fi kama su. Yawan ƙwayoyin launinka da nasu kusan ɗaya ne, naka dai sun fi fitar da launin, shi ke kare ka daga rana. Wannan ta tafi da ƙarƙashin farce ba ruwanta da launin kowa, kuma ita ce aka fi samu a baƙar fata." A rahoto ana rubuta ta acral lentiginous, kuma sai a 1976 ne wani likita a Amurka, Richard Reed, ya ware ta da wannan suna.

Da tabon ƙarami ne da an cire shi gaba ɗaya a zaman farko, don haka aka fi so. Nawa ya yi faɗi, a wurin da ba a iya jawo fata a ɗinke, sai aka yanki ɗan guntu daga inda ya fi kauri. Allurar kashe zafi a tafin ƙafa tana da zafi ƙwarai, gara ka sani tun da wuri, amma na ɗan lokaci ne, bayanta ba ka jin komai sai motsi. An jefa guntun a wata 'yar kwalba mai ruwan fomalin, nas ta manna takarda ta nuna mini in tabbatar da sunana da ranar haihuwa da kuma cewa ƙafar hagu ce. Na ga kamar ɓata lokaci ne, daga baya na gane duk abin da zai biyo baya a kan wannan 'yar takardar yake rataye. Kuɗin yanka daban ne da kuɗin dubawa, kuma in an bukaci rini na musamman shi ma daban. Ka tambayi wannan a ranar, ka kuma karɓi lambar da ɗakin gwaji ya ba samfurinka, domin da lambar ake nemansa, ba da sunanka ba.

An ce mini sakamako kan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Nawa ya wuce haka, babu kuma wanda ya kira ya faɗi dalili. Waɗannan kwanaki su suka fi mini nauyi a dukkan tafiyar: ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa, waya na ƙara gabana ya faɗi. Da na gaji na je da kaina da lambar, wani ma'aikacin ɗakin gwajin ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Nama sai ya kwana a fomalin ya ƙame, a tsotse ruwan jikinsa da barasar gwaji, a zuba masa narkakken kaki ya daskare. Daga wannan dunƙulen kakin ake feƙe yanka mai kaurin kamar kashi 4 cikin 1000 na milimita, a ɗora a gilashi, a rina da rini biyu, shuɗi da ja-ja, likitan nama ya duba a madubi. Nawa an duba, amma likitan bai gamsu da ido kaɗai ba, ya nemi ƙarin rini masu kama wasu sinadaran da aka fi samu a ƙwayoyin launi da na melanoma. Sunayensu suna cikin rahoton: SOX10, Melan-A, HMB-45, da PRAME. Su ne suka ƙara kwanakin, kuma takardar biyan kuɗinsu tana ajiye tana jirana ban sani ba. Jinkirin sakamako ba ya nufin labari ya fi muni. Sau da yawa ma'anarsa kawai ana ƙara tabbatarwa, ko wata takarda ta maƙale a teburin wani.

Rahoton shafi ɗaya ne, kuma lamba ɗaya a cikinsa ta fi komai nauyi, wato kaurin Breslow. Alexander Breslow ne ya nuna a 1970 cewa zurfin da ƙarin ya nutsa cikin fata, in an auna shi da milimita, shi ya fi faɗin yadda cutar za ta kasance. Ba a haɗawa da busasshen ɓawon saman, wanda a tafin ƙafa yake da kauri sosai. Milimita 1 ko ƙasa da haka shi ne T1, har zuwa 2 T2, har zuwa 4 T3, abin da ya haura T4. Sai a dubi ko saman ƙarin ya ɓare ya zama gyambo, da yawan ƙwayoyin da aka kama suna cikin rabuwa. Likitar ta zana mini a bayan takarda abin da Wallace Clark da abokan aikinsa suka bayyana tun wajen ƙarshen shekarun 1960: melanoma takan fara yaɗuwa a kwance a saman fata, wani lokaci shekaru, kafin wasu ƙwayoyinta su juya su nutsa ƙasa inda jijiyoyin jini da na ruwan kaluluwa suke. Faɗin tabon da ya tsorata ni bai dame ta ba kamar wannan nutsewar. An rubuta nawa "aƙalla milimita 2.1", domin guntu aka yanka, ainihin lambar sai an cire duka.

A ranar da na je ganin likitan tiyata ne ɗaki na uku ya shigo, tun kafin na biyu. Bayan mun gama sai wata Sista ta tare ni ta ce tana aiki da masu binciken melanoma, ko zan ba ta 'yan mintuna. Ta miƙo mini takardar amincewa mai shafuka da yawa ta ce in tafi da ita gida. Abin da suke nema: ɗan abin da ya ragu na naman da za a cire, jini kaɗan, da izinin duba fayil ɗina nan gaba don su san yadda cutar ta kaya. Na ce, "Sista, in na sa hannu za ku gaya mini abin da kuka gani?" Ta ce a'a, ta kuma nuna mini layin da ya faɗi haka. Ba za a biya ni ba, ba zan biya ba, ba zai canja maganina ba, in na ƙi ma babu abin da zai ragu a kulawar da ake ba ni. Za a cire sunana a sa lamba. Zan iya janyewa duk ranar da na so a zubar da abin da ya ragu, amma abin da aka riga aka yi aiki da shi ya tafi. Akwai akwatuna da ake sa wa alama ɗaya-ɗaya: ko na yarda a raba samfurin da masu bincike na wasu ƙasashe, ko da kamfanonin magani, ko a raina ƙwayoyin su ci gaba da rayuwa a ɗakin gwaji, ko a karanta DNA ɗin jinina. Ba dole ba ne ka yarda da duka. A kan takardar akwai hatimin kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike, in babu shi kada ka sa hannu. Wannan tsantseni yana da tarihi: a 1951 an ɗebi ƙwayoyin kansar wata mata a Amurka, Henrietta Lacks, ba da saninta ba, har yau ana aiki da su a duniya.

Abin da ya sa take gaggawar in yanke shawara kafin tiyata shi ne fomalin. Da zarar nama ya shiga cikinsa ƙwayoyin sun mutu, DNA da sauran sinadaran gado kuma sun kakkarye. Mai son ya raina ƙwayoyi ko ya karanta su ɗaya-ɗaya sai ya sami naman ɗanye, cikin mintuna bayan yanka. In ka ce sai bayan tiyata za ka yi tunani, wannan damar ta wuce. Ta kuma faɗa mini abin da ya sa na sa hannu. Babban aikin da aka buga a 2015, wanda ya kasa melanoma gida huɗu bisa ga canjin gadonta, an yi shi a kan samfura 333, mafi yawansu daga fararen fata, na tafin ƙafa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Ilimin da ake yi mini magani da shi, galibinsa a kan irin da ba nawa ba aka gina shi.

Da safen tiyata aka fara kai ni sashen da ake hoto da sinadari mai ɗan tururin nukiliya. An yi mini allurai ƙanana a kewayen tabon, na kwanta ƙarƙashin na'ura ana kallon inda sinadarin zai bi. Ya haura ƙafa ya tsaya a wata kaluluwa a matsematsi, aka sa alama da biro a fatar. Wannan dabara Donald Morton ne ya bayyana ta a 1992: maimakon a kwashe kaluluwar wurin duka, a nemo ta farko da ruwan wurin ke zuba a cikinta, don in cutar ta tashi tafiya nan za ta fara sauka. A ɗakin tiyata an ƙara allurar shuɗin rini, saboda haka kada ka firgita in fitsarinka ya fito shuɗi ko kore washegari. An cire ƙarin da santimita 2 na lafiyayyar fata a kewayensa, wanda shi ne ƙa'ida in kauri ya haura milimita 2, aka ɗebo fata daga cinya aka rufe ramin. Daga baya Sista ta gaya mini cewa wani yaronsu yana tsaye a ƙofa da akwatin ƙanƙara, amma bai taɓa naman ba sai da likitan nama ya duba ya yanke abin da ba zai ɓata masa awo ba. Likitan nama ke da fifiko, kuma da ƙarin ƙarami ne da masu bincike sun tafi hannu rabbana. Abin da suka samu an raba biyu, rabi firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, rabi ruwan raino.

Jinyar tafin ƙafa aba ce mai cin rai. Makonni ba na taka ƙafar, sai sanduna, kuma wurin da aka ɗebi fata a cinya ya fi wurin tiyatar raɗaɗi. Ina cikin haka rahoto na biyu ya fito. Kauri milimita 2.6, babu gyambo, gefunan yankan duk tsaf. Amma a cikin kaluluwar an sami ɗan tarin ƙwayoyin melanoma da sai da rini aka gan su. T3a, wato T3 marar gyambo, N1a, wato kaluluwa ɗaya da sai a madubi aka ga cutar a cikinta, mataki na IIIB. Na daɗe ina kallon takardar ban ce komai ba. Na ɗauka za a koma a kwashe sauran kaluluwar, likitan ya ce an rage yin haka tun bayan wani babban gwaji da aka buga a 2017, wanda ya nuna kwashewar ba ta ƙara tsawon rai a kan sa ido da hoton sikan, ga kuma kumburin ƙafa da take bari. Sai aka tura ni hoton jiki duka. Na PET ana yinsa da azumin kamar awa 6, a yi maka allurar wani irin sukari mai alama, ka zauna shiru awa guda, domin ƙwayoyin kansa sun fi saura haɗamar sukari. An yi na ƙwaƙwalwa daban, an ɗebi jini. Duk ba a ga komai ba, alhamdu lillahi.

Yanzu ne ɗaki na biyu. Likitan kansa ya ce sai an duba ko ƙarin yana da canji a wani sashen gado mai suna BRAF. Asibitin ba sa yin gwajin, sai an aika dunƙulen kakin wani wuri, kuma ni aka ba takardar neman a fito da shi. A nan na fara riƙe shi a hannuna: ɗan farin kaki a jikin roba mai ramuka, bai fi kan babban yatsa ba, da wani baƙin ɗigo a tsakiya, lambata a rubuce da fensir a gefe. Na sa hannu a littafi cewa zan dawo da shi. Wannan gwaji ya fi duk na baya tsada, kuma yana da kyau ka tambaya ko BRAF kaɗai za a duba ko har da wasu sassan gado biyu, NRAS da KIT, domin a melanomar tafi ana samun canjin KIT fiye da wadda rana ke jawowa. Sakamakon ya yi jinkiri, an ce launin da ke cikin naman yana hana na'urar karatu aiki, sai da aka sake tace DNA ɗin. A 2002 ne masu bincike a cibiyar Sanger ta Ingila suka gano wannan canji na BRAF, wanda kusan rabin melanomar fata ke da shi, mafi yawa a wuri na 600 na furotin ɗin, shi ya sa ake rubuta V600E. Canjin yana sa ƙwaya ta riƙa jin umarnin rabuwa ba tsayawa. Shekara 9 bayan haka, a 2011, aka amince da vemurafenib, maganin farko da ke toshe shi. A melanomar tafi kuwa bai fi mutum ɗaya cikin biyar ke da canjin ba. Ni ba ni da shi, ba ni da sauran biyun. Babbar 'yata da ta ga takardar ta ce, "Baba, mu ma sai mun yi gwajin?" Likitan ya kwantar mata da hankali: abin da aka karanta DNA ɗin ƙarin ne, canjin da ya auku a wuri ɗaya a jikina, ba abin da ake gada ba. Gwajin gadon iyali daban ne, da jini ake yinsa, kuma sai in cutar ta maimaitu a dangi.

Tunda magungunan BRAF ba su shafe ni ba, saura masu tada garkuwar jiki. Pembrolizumab da nivolumab sun fito a 2014, kuma aikin da ya haifi irin waɗannan magunguna shi ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Likitan bai ɓoye mini ba cewa melanomar tafi ba ta cika jin su kamar ta rana ba. Hasken rana yana barin ɗimbin kurakurai a DNA, su ke sa garkuwar jiki ta gane ƙwayar baƙuwa ce, ta tafi kuwa kurakuranta kaɗan ne, an fi samun manyan sassa da suka ninku ko suka ɓace. Na karɓi maganin ta ƙarin ruwa na shekara guda, ana ɗibar jini kafin kowane zama don duba hanta da ƙoda da maƙoƙo.

Ina tsakiyar wannan aka gayyaci waɗanda suka ba da samfur su zo su ga ɗakin binciken. Na tafi da tunanin za a nuna mini nawa. Babu wanda zai iya, domin su lamba kawai suke gani, kuma littafin da ke haɗa lamba da suna ba a hannunsu yake ba. Wata matashiyar mai bincike ta fito da 'yar kwalba shimfiɗaɗɗiya mai ruwa ja-ja daga wani akwati da ke riƙe zafin digiri 37, ta ɗora a madubi ta ce in leƙa. Ƙwayoyi ne manne a ƙasan kwalbar, masu dogayen hannuwa suna taɓa juna, wasu da baƙin launi a ciki, ɗaya ta dunƙule tana shirin rabuwa biyu. Ta ce yawancin naman da ake kawowa ba ya kamawa, bayan 'yan makonni ƙwayoyin su mutu ko wasu ƙwayoyin fata su rinjaye su. Shi ya sa duniya ta dogara da tsofaffin layukan ƙwayoyi kaɗan, wato waɗanda suka kama suke ta rabuwa a kwalba, irin su A375 na ɗan Adam da ake ta raino tun shekarun 1970, da B16 na ɓera. Da B16 ɗin ne Isaiah Fidler ya yi wani aiki a 1973: ya sa wa ɓera ƙwayoyin, ya tsinto waɗanda suka kama a huhu, ya sake sa wa wani, har sau goma, kowane zagaye suna ƙara ƙwarewa a yaɗuwa. Daga nan aka fara fahimtar cewa ƙwayoyin ƙari ɗaya ba duka ɗaya ba ne, ƙalilan ne ke iya tafiya su rayu.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ranar shi ne batun tawadar Allah. An gano a 2003 cewa mafi yawan tawadar da ke jikin lafiyayyun mutane suna ɗauke da wannan V600E ɗin, amma ba su zama kansa. Ƙwayoyin kan rabu na ɗan lokaci sai su tsaya cak, shekara da shekaru. Kafin melanoma ta samu sai wasu canje-canjen sun taru a kai: a rasa CDKN2A mai tsayar da rabuwa, a kunna TERT mai hana ƙwaya tsufa. Ta kai mu wani ɗaki mai ɗumi cike da tankunan ƙananan kifaye masu zane-zane. A 2005 aka nuna a irin wannan kifi cewa BRAF shi kaɗai tabo yake yi, sai an haɗa da rashin p53, wani sashen gado mai hana kansa, yake zama kansa. A 2022 kuma wasu masu bincike a New York suka sa wa kifin wani sashen gado mai suna CRKL, wanda ake samu ya ninku a melanomar tafi, sai ƙarin ya fi fitowa a fukafukan kifin, wato makwafin hannu da ƙafa. Ashe ƙwayar launin da ke tafi ba ɗaya take da ta baya ko fuska ba, wurin zamanta yana da hannu a irin canjin da zai iya juya ta. Na tambaye ta me ya sa tawa ta fara zuwa kaluluwa. Ta ce wani aiki na 2020 daga Texas ya nuna cewa jini wuri ne mai wuya ga ƙwayar melanoma, ƙarfen da ke cikinsa yana kashe yawancinsu, ruwan kaluluwa kuwa ya fi sauƙi, har yana shafa musu wani kitse da ke kare su in sun shiga jini daga baya. A ɓeraye aka nuna haka, ta ƙara, ba a mutane ba tukuna. Na ji daɗin wannan ƙarin nata. A ganina mai binciken da ke faɗin iyakar abin da ya sani shi ya cancanci a ba shi nama.

Ga wanda zai bi wannan hanya, ka nemi kwafin kowane rahoto a hannunka, cikakke, ba taƙaitawar da aka rubuta a kati ba, domin kowane sabon likita kaurin Breslow da batun gyambo da kaluluwa zai fara tambaya. In za a yanki tabo mai duhu a tafi ko ƙarƙashin farce, kada ka yarda a ƙona shi ko a kankare a zubar, duk abin da aka cire ya tafi ɗakin gwaji. Ka tambaya tun kafin ranar tiyata ko akwai masu bincike da ke karɓar samfur, don ba ko'ina ake tuntuɓar majinyaci ba, kuma ka karanta akwatunan amincewa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka zauna jiran sakamako daga wurinsu. In kana son abin da zai taɓa maganinka kai tsaye, wannan gwajin magani ne a kan majinyata, takardarsa daban, sharuɗɗansa daban, likitan kansa ake tambaya.

Dunƙulen kakin nan kuma ka san inda yake. Na mayar da nawa na ga an rubuta a littafi cewa ya dawo. Ɗakunan gwaji kan ajiye shi shekaru, amma tsawon ajiyar ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma kowane gwaji yana cin wani abu daga cikinsa. In an ce za a sake feƙa don wani sabon gwaji, ko masu bincike suka nemi yanka daga ciki, ka tambaya nawa zai ragu. In za ka canja asibiti, ka rubuta takardar neman gilasan da dunƙulen tun kafin ranar ganin sabon likita, domin fito da su kaɗai yana iya cin mako guda.